Motar Iyali Mai Shan Gas: Abin Dubawa Kafin a Biya Dillali

Shekara shida ke nan ina hawan wata tsohuwar Volkswagen Touran ƙirar 2004, mai kujera bakwai, mai giyar hannu, wadda gas take sha ba fetur ba. A nan Dutsi ba mai kiranta da sunanta. "Ƙaramar Sharon" ake ce mata, don Sharon kowa ya sani a tasha, ita ke jigilar mutane tsakanin Katsina da Daura da Kano. Da wuya wata ya wuce wani bai tare ni bayan la'asar ba: "Malam, iyali sun yi yawa, Golf ta yi mana kaɗan. In nemi irin taka?" Amsar da nake bayarwa a tsaye ita ce "ya danganta", kuma na lura ba ta gamsar da kowa. To ga amsar a zaune.

Motocin nan dangi biyu ne. Akwai manyan, wato Sharan, wadda muke kira Sharon, da ta fito a 1995, da 'yan uwanta Ford Galaxy da Seat Alhambra. Su ukun a masana'anta ɗaya aka riƙa haɗa su a ƙasar Fotugal, shi ya sa kayan gyaransu da yawa suke shiga juna. Sai ƙananan: Renault Scenic ta 1996, Opel Zafira ta 1999, Touran ta 2003. Tsawon Sharan ya ɗan haura mita 4.6, Touran kuwa ba ta cika 4.4 ba, Zafira ta farko ma ta fi ta gajarta. A takarda bambancin ba yawa. Amma wanda ya taɓa juya mota a lungun tsohon gari a Daura ranar Sallar Gani, ko ya yi ƙoƙarin cusa ta a ƙofar gidan da aka gina da ma'aunin amalanke, ya san taƙi ɗaya ma wani abu ne.

Turawa don iyali suka ƙera su, kuma a can masu shan gas ɗin sun yi kasuwa sosai. Bayan badaƙalar hayaƙin Volkswagen ta 2015, wasu biranen Jamus, Hambog a 2018 da Shitutgat a 2019, suka fara taƙaita wa tsofaffin motocin gas shiga wasu tituna, darajarsu ta faɗi a can. Wani rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kusan kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. Wato abin da dillali zai nuna maka yana cewa "wata tsohuwa ce ta hau ta zuwa kasuwa kawai" mota ce da ta gama rayuwa guda a wani wuri, za ta fara ta biyu a hannunka.

Daɗin zama, da inda daɗin ya tsaya

Abin da ya sa na sayi tawa ba inji ba ne, gwiwar mahaifiyata ce. Duk wata muna kai ta ganin likita a Katsina, kuma a tsohuwar motata sai mutum biyu sun kama ta kafin ta fito, don kujerar ƙasa take, kamar an zauna a tabarma za a miƙe. Ranar farko da ta shiga Touran ta juya kawai ta zauna, ta sauke ƙafa ta taka ƙasa ba mai riƙe ta. Ta ce, "Wannan ai kujerar ɗaki ce." Tsayin kujerar daidai yake da tsayin kujerar zama a gida, ba ta ƙasa kamar ƙaramar mota, ba ta sama kamar jif da sai an yi hawa. Rufin ma yana da tsawo: mai hula ba ya cire ta, mai rawani ba ya sunkuyawa, uwargida ba ta fita da ɗaurin ɗankwali a karkace.

A layin tsakiya kujeru uku ne, kowace zaman kanta take. Kana iya tura ɗaya gaba, ka kwantar da bayan wata, ko ka cire ta gaba ɗaya ka jingine a zaure. Sharan ma haka, kujerunta biyar na baya duk suna fita, sai dai suna da nauyi, kuma sai ka nemo musu wurin ajiya inda ɓera ba zai yi gida ba. Zafira dabararta daban: kujerun can baya suna naɗewa su shige cikin daɓen motar, ba ka cire komai. Wanda yau zai ɗauki yara makaranta, gobe buhunan taki, jibi akwatunan lefe, zai fi jin daɗin wannan tsari.

Sai a faɗi gaskiyar kujera ta shida da ta bakwai. A ƙananan motocin nan na yara ne. Babban mutum zai iya jure zama daga Dutsi zuwa Shargalle ko Daura, amma ka kai shi Kano a can, gwiwarsa na taɓa haɓarsa, ya sauka yana ɗingishi, ba zai sake roƙon ka rage masa hanya ba. Sanyin esi ma da kyar yake isa wurin. Kuma in ka ɗaga kujerun nan biyu but ya ƙare: Touran mai ɗaukar lita 695 na kaya da mutum biyar, lita 121 kacal take ragewa da mutum bakwai, wato jakar hannu biyu da kular abinci. Ko mutum bakwai, ko kaya. Ba a samun duka biyun sai da kariya a sama. Wanda ke da manya bakwai a gida kada ya wahalar da kansa, ya nemi Sharan.

Akwai wani abu da ban sani ba sai da taya ta fashe mini da dare: yawancin Touran masu kujera bakwai ba su da gurbin safaya, don kujerun sun cinye wurin. Wata 'yar kwalbar gam da ƙaramin famfo ake ba Bature. Gam ba ya ɗinke tayar da dutse ya yaga. Sayi cikakkiyar safaya da jak da sufana tun ranar farko, ka ɗaure ta a but ko a kariya. Sharan da Zafira nasu a ƙarƙashin mota yake rataye. Ka sa a sauke shi a gabanka, don sau da yawa tsatsa ta riƙe ƙugiyar, ko kuma ba komai a wurin.

Lissafin mai

Tawa, da iyali da esi a kunne, tana shan lita 6 zuwa 7 a kilomita 100. Irinta mai fetur, a wannan lodi da wannan hanya, da wuya ta sha ƙasa da lita 10. A tafiyar kilomita 300 ke nan ni lita 20, shi lita 30. Daga nan lissafin ya fito da kansa: muddin kuɗin litar gas bai kai ɗaya da rabi na litar fetur ba, mai gas yana da riba a hanya. Ya kai haka, sun yi kunnen doki. Ya wuce, asara yake.

Mun ga duka fuskokin. A 2022 gas ya haura zuwa wajen naira 800, fetur kuwa a farashin gwamnati bai kai 200 ba, don shi ana biya masa tallafi, gas kuwa tuntuni aka sakar wa kasuwa. Shekarar nan na fi hawa babur, motar na ƙarƙashin darbejiya. Mutane da yawa a lokacin suka sauke injin gas suka ɗora na fetur. Da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, tazarar ta tsuke, sannan matatar Ɗangote ta fara sayar da gas a farkon 2024, farashin ya ɗan sauko. Ba wanda zai rantse maka yadda baɗi za ta kasance. Abin da zan ce kawai, ka tsaya a gidan mai ka karanta allon, ka yi wannan lissafi da farashin ranar, kada ka yi shi da labarin majalisa.

Ribar kuma a doguwar hanya take. Wanda iyakacinsa gida, makaranta, kasuwa, kilomita uku a kashe a kunna, bai kamata ya sayi injin gas ba. Injin ba ya samun zafin da zai ƙone dattinsa, baƙin toka ya yi ta taruwa a hanyar iska har ya shaƙe shi.

Wane inji

In da zaɓi, nemi 1.9 TDI na Volkswagen da giyar hannu. Iri biyu ne. Na farko, na shekarun 1990, famfo ɗaya ke raba wa nozul huɗu mai. Ƙarfinsa doki 90 ko 110, ba shi da gudun fitar hankali, amma ya fi kowane haƙuri da man da ba shi da tsabta. Na biyu, wanda ake kira PD, da ya shigo Sharan wajen 2000 kuma shi ke cikin Touran, kowane nozul da ɗan famfonsa a kai. Ya fi ƙarfi, ya fi tsimin mai, ya kuma fi tsada ranar da nozul ya lalace. Abin da na fi so gare shi shi ne tun inji na juyi 1,900 a minti yake ba da dukan ƙarfin jansa, ba sai ka danne totur yana kururuwa ba. Da lodi cike ka hau gangare a giya ta huɗu, yara ba su farka ba.

Abin gudu shi ne sabunta. Duk motar gas da aka sa wa tukunyar tace hayaƙi a salansa, wadda ake kira DPF, don man Turai aka yi ta. Tun 2009 gas ɗin can ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan na farar wuta, alhali wani bincike da wata ƙungiyar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar a 2016 ya nuna ana sayar wa Afirka ta Yamma mai ninkin wannan sau ɗaruruwa. An samu gyara daga baya, amma ba ka da tabbacin abin da ke cikin kowane tanki. Tukunyar ta toshe, motar ta ƙi gudu. Ka duba lambar inji a 'yar takardar da ke manne a murfin taimin bel: a Touran, BKC ba shi da tukunyar, BLS yana da ita. Giyar otomatik irin DSG tana da daɗi, amma tana son a juye mata mai na musamman duk kilomita 60,000, kuma in ta yi fushi ba a Dutsi ko Daura za a lallashe ta ba. Zafira ta farko mai 2.0 DTI sarƙa gare ta maimakon bel, wannan alheri ne, sai dai famfon manta yana da 'yar ƙwaƙwalwar lantarki a kai da zafi ke kashewa, kuma gyaransa na cin kuɗi.

Ranar duba mota

Ka je da sassafe, ba tare da ka faɗi lokaci ba, ka tafi da bakaniken da kai za ka biya, ba wanda dillali ya kira ba. Kafin komai ɗora tafin hannu a kan inji. In da ɗumi, an tashe ta kafin ka zo, kuma akwai dalili. Ka ce, "Alhaji, bari mu sha shayi ta huce," ko ka dawo gobe. Injin gas a sanyi yake faɗin gaskiya.

Murɗa makulli rabi. Wata fitila mai kamar nannaɗaɗɗiyar waya za ta kama ta mutu, ita ce ta hita. Fitilar inji da ta mai da ta batir duk su kama. Wadda ba ta kama ba, ƙila cire ƙwan aka yi don a ɓoye laifi. Sannan ka tayar. Lafiyayyen TDI bugu ɗaya yake tashi. Ka sa wani ya tsaya a bayan salansa. Ɗan hayaƙi na daƙiƙa biyu ba komai. Fari mai yaji a ido da ya ƙi tsayawa, nozul ne ko injin ya gaji. Shuɗi, baƙin mai yake ƙonawa, ko ta tabo ko ta ringi. Baƙi ƙirin in an taka, ko iska ba ta isa ko mai ya yi yawa. Wannan wani lokaci filta ce kawai ko tiyon da ya tsage.

Inji na aiki, kwance murfin da ake zuba baƙin mai, ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka ɗaure ba. In yana 'yar rawa a wurinsa, lafiya. In iska na cilla shi sama, hayaƙi na bulbulowa kamar tukunyar dambu, injin nan ringi yake jira, ka yi sallama. Leƙa robar ruwan lagireto: ruwan ya zama mai launi, garau. In ka ga maiƙo yana yawo ko wani abu kamar kunun gyaɗa, gasket ya ƙone ko top silinda ya tsage. Bayan an yi tafiya ka matsa babban tiyon lagireto da tsumma. In ya yi tauri kamar taya, iskar inji na shiga ruwa.

Sai kunne. Taka kuloci ka saki a hankali, sannan ka kashe motar kana saurare. In ka ji "kaf-kaf-kaf" daga wajen giya kamar ana girgiza gwangwani da duwatsu, fulayiwil ne. Na motocin nan faranti biyu ne da sifirin a tsakani, kuma canza shi tare da kuloci na daga cikin manyan kashe kuɗi. Ba dalilin fasa ciniki ba ne, dalilin rage kuɗi ne.

Kada ka yarda da zagayen fili. Hau kwalta, mutum huɗu a ciki, ka sa giya ta huɗu a ƙaramin gudu ka danne totur har ƙasa ka riƙe. Ya kamata ta ja ba yankewa. In tana cikin ja sai ƙarfin ya ɗauke kamar an riƙe ta ta baya, kuma in an kashe an kunna ya dawo, fikafikan cikin tabo ne toka ta riƙe. Ka lura da allurar zafi: ta hau tsakiya, wajen 90, ta tsaya cak. Wadda ba ta tashi sam an cire mata tamostat. Daga nan ka sauka burji ka ji ƙarar ƙafafu. A ƙarshe a ɗaga ta a rami, ka shiga da tocila da kanka. Turawa gishiri suke watsa wa titi lokacin ƙanƙara, kuma ƙarƙashin mota yake ci. Fenti na sheƙi a sama, ka soka sukundireba a ƙasa ta wuce. Maleji kuwa kada ka gina komai a kansa, ana juya shi. Sitiyarin da ya yi sulɓi, robar kuloci da ta cinye, da kujerar direba da ta lotsa sun fi shi gaskiya. In an samu mai na'urar kwamfuta ya karanta ƙwaƙwalwar motar, kuɗin da za ka ba shi bai kai na tankin mai ɗaya ba.

Takardu: lambar shasi mai harafi da lamba 17 da ke jikin mota ta yi daidai da ta takardar kwastan, harafi bayan harafi. Mu da ke kusa da iyaka, Kwangwalam na nan, Jibiya na can, mun fi kowa sanin motar da ta shigo ta daji. A Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, don haka 'yar Kwatano mai arha wadda "takardunta na zuwa" tana iya zama motar da ba za ka iya kai ta Kano ba. A rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, a yi canjin suna, a yanki inshora.

Makon farko

Ka ware kuɗi tun kafin ciniki, don abu huɗu ba sa jira. Na farko taimin bel, da boris ɗinsa da famfon ruwa, a canza su tare ko da mai motar ya rantse jiya aka sa. Littafi yana ba shi wajen kilomita 90,000. Da zafinmu da ƙurarmu ni a 60,000 nake sauke shi. Ranar da ya tsinke a guje, fistin zai haɗu da bawul, kuma kuɗin bel goma ba zai gyara ba. Sai baƙin mai: injin PD yana son wanda aka rubuta 505.01 a jikin galan, saboda ƙarfen da ke danna nozul yana shan matsi sosai, man da ake aunawa a kwalba a bakin titi yana cinye shi a hankali. Wajen lita 4 yake ɗauka, ina juye duk kilomita 5,000. Sai filtar gas da filtar iska. Sai ruwan lagireto: a zubar, a wanke, a zuba mai launi. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin dutse a ciki, irin wanda kake gani a gindin butar shayi.

A nan za ka yi jayayya da bakanike. Zai ce, "Oga, bari in cire tamostat in haɗa fanka dairek, wannan na ƙasar sanyi ne." Kada ka yarda. Injin da ba ya kai zafinsa yana ƙara shan mai yana tara toka. In mota na zafi, ciwon na wani wuri: lagireto ya toshe da ƙura da ƙaiƙayi, ko fanka ta mutu, ko famfon ruwa ya saki.

Abin da kake zuba mata

Wata ranar Juma'a na tsaya a wani gidan mai a hanyar Kano, na fita amsa waya. Yaron ya ga ƙaramar mota, ya ɗauko bututun fetur. Allah ya sa ɗana na fari yana kallo ta gilashi, ya ƙwala, "Baba, fetur yake zubawa!" Lita tara ta riga ta shiga. Ban murɗa makulli ba, ko rabi. Muka tura ta gefe, aka kwance tanki aka zuƙe, muka yi asarar awa uku da man da ke ciki, amma inji bai ji komai ba. Da na tayar, fetur ya bi ta nozul, da wata maganar ake, don gas shi ne man shafawar famfo da nozul, fetur kuwa wanke su yake ƙarfe ya ci ƙarfe. Washegari na sa aka rubuta GAS da jan fenti a murfin tanki, kuma har yau ba na barin wurin sai na ga bututun da aka ɗauko.

Sayi gas inda tireloli da tifofi ke sha, don mansu ba ya kwana. Na jarka a wajen 'yan bumburutu, musamman wanda ake cewa gazuwal ɗin Nijar ne, wani garau yake, wani an sirka da kananzir, wani da ruwa a gindi. In dole ta sa, bar jarkar ta kwana, ka tace da farin ƙyalle, ka bar ɗan na ƙasa. Kada kuma ka bar tanki ya ƙafe. Motar fetur in mai ya ƙare a zuba a tashi. Ta gas iska take sha, ka yi ta bugu har batir ya mutu. Allura ta sauka kwata, nemi gidan mai. Ina canza filtar gas duk juye biyu, kuma kullum da sabuwa guda a ƙarƙashin kujera.

In ka dawo daga doguwar tafiya, bar inji ya yi minti ɗaya yana aiki kafin ka kashe, tabo ya huce. Da sanyin hunturu kuma ka jira fitilar hita ta mutu kafin ka buga. A watannin ƙura a ciro filtar iska duk mako biyu a kakkaɓe.

Hanyarmu

Motar nan ba ta daji ba ce. Cikinta kusa da ƙasa yake, kuma kaskon baƙin mai na alminiyon ne, ba ya lotsewa, fashewa yake. Dutse ɗaya a hanyar gona ya isa. Je wurin mai walda ya yi maka faranti na ƙarfe a ƙasan inji, ya bar ramin juye da na shan iska. In fitilar mai ja ta kama kana tafiya, kashe nan take, kada ka ce bari in ƙarasa gari. A yashi kuwa tayun gaba ke ja, kuma nauyin inji na kansu, don haka tana ƙoƙari fiye da yadda ake zato: giya ta biyu, totur daidai, kada ka tsaya a tsakiya. Da damina in ruwa ya kai rabin taya a mashigi, jira ya janye. Injin gas in ya shaƙi ruwa ko kofi ɗaya ne, sandunan fistin lanƙwashewa suke.

Taya ka sayi mai ɗaukar nauyi, ka karanta lambobi huɗu na gefenta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Jami'an kiyaye haɗurra suna ɗaukar wadda ta wuce shekara 4 a matsayin wadda wa'adinta ya cika, kuma kwaltar Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40, ba ta yi wa tsohuwar taya uzuri. Batun lodi, kada ka yi koyi da tasha. Direban haya yana cusa mutum goma da buhuna a Sharon don shi da bakanike kullum suna tare, ya sa wannan a lissafinsa. Ni na taɓa kwantar da kujeru na ɗauko buhun gero huɗu, na kuma ɗauko ragon layya daga kasuwar Mai'aduwa ta ranar Lahadi a kan leda da buhunan banza, ta kawo su lafiya. Amma buhu huɗu ya kai nauyin manya biyar ko shida. Ba a ƙara fasinja a kai. Yara a baya su ɗaura bel, a danna makullin ƙofa na yara, kuma kada a ɗora jariri a cinya a kujerar gaba inda jakar iska take.

Saura mai gyara, kuma da shi ya kamata ka fara. A yankinmu akwai gwanayen injin gas, masu gyaran tifa da tarakta da injin niƙa, amma hannun da ya saba da waɗannan ba lallai ya san nozul ɗin PD ba, wanda ake saita shi da ma'auni, a ɗaure da sababbin kusoshi. Tambayi direbobin Sharon a tashar Daura ko Katsina wa ke taɓa musu masu gas, ka je ka ga garejinsa, ka ga ko yana da na'urar karanta ƙwaƙwalwa. Ƙananan kaya irin filta, burki da bushin ana samu a Katsina. Nozul, tabo da fulayiwil sai Ƙofar Ruwa a Kano, wani lokaci ma sai an aiko daga Ladipo a Legas, motar na zaune mako guda. Kayan Volkswagen sun fi na Opel da Renault samuwa nesa ba kusa ba, shi ya sa ban ba kowa shawarar Scenic mai gas ba, duk da laushin kujerunta.

In kana da yara huɗu ko biyar da dattijuwa a gida, kana yin Katsina ko Kano sau biyu ko uku a wata, kuma ka samu bakaniken kafin motar, sayi 1.9 TDI mai giyar hannu, ka canza bel a makon farko. In zirga-zirgarka ba ta wuce cikin gari ba, ko kuɗinka iyakar na ciniki ne ba ragowar gyara, nemi irinta mai fetur.